Karena Ya Tsufa, Wane Amalanken Keke Zan Sama Masa?

Wani mai karatu daga unguwar Yantala a Yamai ya rubuto yana cewa: "Ni ɗan asalin Tawa ne, aiki ya kawo ni Yamai. Ina da kare irin na Azawak, wanda kawuna ya aiko mini da shi daga Abalak tun yana ɗan kwikwiyo, yanzu shekararsa 9. Ina da ƴar garka a ƙetaren kogi, wajen Harobanda, kuma da safe nakan hau keke in tafi, shi kuma yana biye da ni a guje. Tun bara ya fara ɗingishi da ƙafar baya, ba ya iya kaiwa, in na bar shi a gida kuma sai ya yini yana kuka, ya ƙi abinci. Na ga hoton ƙaramin amalanke da ake ɗaura wa keke don ɗaukar kare. Abokina da ke Faransa ya ce zai iya taho mini da ɗaya, na kuma ga na ɗaukar yara na hannu a kasuwa, sannan wani mai walda a kasuwar Katako ya ce zai ƙera mini. Uwargida ta ce ɓarnar kuɗi ce, abokai kuma dariya suke yi mini. Wanne zan zaɓa?"

Malam, na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma ina so ka sani tun farko cewa ban ga abin dariya a cikin niyyarka ba. Dabbar da ta shekara 9 tana tsare maka gida da garka ta cancanci a duba halinta sa'ad da ƙarfinta ya fara ja da baya, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malamai ya ji hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abokanka za su yi dariyarsu su gaji. Maganar uwargida kuwa tana da nauyi, kuma zan zo kanta.

Kafin ka fitar da ko dala ɗaya a kan amalanke, ka kai shi wurin likitan dabbobi ya duba ƙafar. Ɗingishi a tsohon kare yakan zo daga ciwon gaɓɓai na tsufa, amma yakan zo kuma daga jijiyar gwiwa da ta tsinke, ko ƙaya da ta nutse tsakanin yatsu, ko cutar da kaska ke sawa, kuma wasu daga cikin waɗannan suna da magani. Ina roƙonka kada ka ba shi maganin ciwon jiki irin na mutane da ake sayarwa a bakin titi, musamman ibuprofen da diclofenac, domin suna huda cikin kare, suna kuma lalata masa ƙoda. Abin da likita ya gaya maka shi zai nuna maka ko amalanken na kullum ne, ko na dawowa ne kawai bayan ya ɗan taka da ƙafarsa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Masu sayar da waɗannan amalanke, abin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe shi ne nauyin da abin zai iya ɗauka, kilo 20, ko 30, ko 45, kuma yawancin masu saye a nan idonsu ke tsayawa. Ga karenka wannan lissafi zai yaudare ka. Namijin Azawak nauyinsa yakan tsaya tsakanin kilo 20 da 25, wato kusan kowane amalanke matsakaici zai ce ya iya ɗaukarsa, amma tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 64 zuwa 74, ga dogon wuya, ga ƙafafu dogaye waɗanda ba su da wurin naɗewa. Da yawa daga cikin matsakaitan amalanke an yi su ne don gajerun karnuka masu kauri, rufinsu bai kai ko kafaɗar irin naka ba. In ka sa shi a ciki zai shiga, amma zai yi tafiyar duka a takure, wuya a lanƙwashe, ƙafar da ke ciwo a danne ƙarƙashinsa, ka ga an tafi neman sauƙi an ƙaro masa ciwo. Saboda haka girman cikin ɗakin ne abin tambaya, nauyi ya biyo baya.

Hanyar awon ba ta da wuya. Ka bari sai ya kwanta da yamma yadda ya saba, a kan gefensa, ƙafafu a miƙe, sai ka ɗauki gawayi ka zana layi kewaye da shi a ƙasa, ka auna tsawo da faɗin zanen da abin awon tela. Bayan haka ka sa shi ya zauna, ka auna daga ƙasa zuwa ƙoƙon kansa. A kan kowane awo ka ƙara kamar faɗin tafin hannu. Ba lallai ne ya samu wurin miƙe ƙafafu gaba ɗaya ba, domin amalanke mai wannan faɗi ba zai wuce ta ƙofar gida ba, amma dole ya iya kwanciya a kan cikinsa ba tare da hancinsa ko gindin wutsiyarsa ya tokari bango ba, ya iya zama kansa a ɗage, ya kuma iya juyawa. Waɗannan lambobi uku su ne za ka aika wa abokinka a Faransa, su ne kuma za ka miƙa wa mai walda. In abokin naka zai je kanti, ka roƙe shi ya sa abin awo a cikin ɗakin da hannunsa, domin sau da yawa awon da ke jikin kwali na waje ne, har da tayoyi.

Daɓen amalanken ya zama mai tauri wanda ba ya lotsawa, ya kuma kasance ƙasa-ƙasa, kusa da tsakiyar tayoyi ko ma ƙasa da haka. Dogon kare in ya miƙe tsaye a cikin amalanke mai tudu, nauyin yakan koma sama, kuma kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kifar da shi. Ƙofar shiga ta kasance a baya, mai faɗi, yadda zai taka ya shiga ba tare da tsalle ba, tunda tsallen ne ke ƙona masa gwiwa. Sannan ka tuna yadda jikin irin nasu yake: fata ce siririya a kan ƙashi, ba kitse, ba gashi mai yawa, har ƙasusuwan ƙugu kana ganinsu a fili. Kare mai irin wannan jiki in ya kwanta a kan katako tsirara a hanyar jar ƙasa mai gargada, gwiwar hannunsa da ƙugunsa za su yi kanta, wani lokaci har su fashe. Ka sa masa guntun katifar soso mai kauri, ka lulluɓe ta da tsohon zane wanda za a iya cirewa a wanke, a ƙarƙashinta kuma ka shimfiɗa roba don kada ta zame.

Zafi shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a cikin wannan sha'ani, kuma a nan ne kayan Turai suke bukatar a dube su da idon mutumin Yamai. An ƙera su ne don ƙasashen da ruwan sama da sanyi su ne damuwa, shi ya sa za ka ga tagoginsu da murfin leda, yadinsu kuma sau da yawa mai duhu. A nan kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kuma amalanken yana tafiya ne dab da kwalta, inda turirin zafi yake tashi, inda kuma hayaƙin motoci da na ƴan kabu-kabu yake fita. Kare ba ya gumi a jikinsa kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana wajen digiri 38 zuwa 39, in ya kai 41 ransa yana cikin haɗari, kuma a cikin rufaffen wuri wannan ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Gaskiya ne Azawak ya fi yawancin karnuka jure rana, tunda a can arewacin Tawa asalinsa yake, amma kare mai yawo a fili yana neman inuwa da kansa, yana tona ƙasa mai sanyi ya kwanta, wanda aka rufe a amalanke kuwa ba shi da wannan dama, ga kuma tsufa. Don haka ka nemi wanda gefensa biyu da gabansa da bayansa duk raga ce, iska na ratsawa, rufinsa kuma yadi ne mai haske wanda ke ba da inuwa sosai. Murfin leda ka naɗe shi ka ajiye sai damina. Ragar gaba kada ka buɗe ta ana cikin tafiya, domin tayar bayan kekenka tana watso yashi da tsakuwa daidai saitin idonsa.

A lokacin bazara ka fita bayan sallar asuba, ka dawo kafin hantsi ya ɗaga, in kuma aikin garka ya riƙe ka, gara ka bar shi a inuwar mangwaro da ruwa a gabansa har rana ta yi sanyi. Ka riƙa tafiya da gorar ruwa da ɗan kwanonsa. In ka waiwaya ka ga haki ya yi yawa, harshe ya zazzalo ya yi faɗi, yawu na dalala, dasashi ya yi ja wur, ko ka fito da shi yana tangaɗi, ka tsaya nan take a inuwa ka zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da cinyoyi, ka yi masa fifita, sannan ka nufi likita. Sanyaya shi ake fara yi kafin a kama hanya. Da hunturu kuma abin yakan juya: irin nasu suna jin sanyin asuba ƙwarai, ga iskar tafiya, sai ka yafa masa tsohon bargo.

Tayoyi su zama masu iska, masu wayoyi irin na keke, kuma inci 20 ya fi inci 16, domin babbar taya ta fi haye rami, ta kuma fi sauƙin ja a cikin yashi. Wannan girma shi ne na kekunan yara manya, saboda haka taya da robar cikinta ba za su yi maka wuyar samu ba, kowane mai faci kuma zai iya gyara maka. Masu ƙananan tayoyin roba daskararru ka rabu da su, duk wata gargada a ƙashin karen za ta ƙare. Hanyar garka ba ta rasa tsidau da ƙayar aduwa, don haka ka sa taya mai kauri, kada kuma ka cika ta da iska tam, ɗan sassauci yana rage jijjiga. Ka sani a cikin lungunan da yashi ya yi zurfi dole ka sauka ka tura, tunda tayoyin amalanke ba sa bin sawun tayar keke, kowace tana yanka nata yashin.

Mahaɗi, wato inda amalanke ya kama keke, shi ne wurin da rai yake. A kayan kamfani za ka ga wani dogon hannu na ƙarfe ya fito daga gefen hagu na amalanken, ya lanƙwaso ya kama wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙarƙashin notin tayar baya. A tsakaninsu akwai gaɓa mai lanƙwasa ta kowane ɓangare, ta roba mai tauri ko ta sifirin, amfaninta kuwa shi ne ko keken ya faɗi, amalanken yana nan tsaye a kan tayoyinsa. Akwai kuma ɗan maɗauri na biyu da ake zagayawa a jikin ƙarfen keken, don in fil ya fita amalanken kada ya ɓalle ya shiga gaban mota. Yawancin kekunanmu masu noti ne a tayar baya, kuma mahaɗin yana hawa kansu ba wahala, matuƙar zaren ƙarfen ya rage isasshe yadda noti zai kama sosai. Abin da ba zan yarda maka da shi ba shi ne ɗaure amalanke a jikin kariyar keke, wato wurin ɗora kaya na baya, da igiya ko waya, domin daga can sama nauyin yana fizgar keken gefe, kuma kariya ba don ja aka yi ta ba.

To, cikin ukun nan wanne? Na yara na hannu shi ne zan fara cirewa. Cikinsa kujera ce ta yadi a rataye, daɓensa ma yadi ne wanda farcen kare zai keta, rufinsa gajere, kuma ta sama ko ta gaba ake shiga, wato sai ka riƙa ɗaga kare mai ciwon ƙafa kana cusa shi. Amfaninsa ɗaya ne: in ka same shi da araha, tayoyinsa inci 20 ne, hannunsa da mahaɗinsa kuma lafiya lau, to ka saye shi don waɗannan, mai walda ya gina sabon ɗaki a kan ƙashinsa. Na Faransa kuwa, kamfanoni irin su Croozer da Trixie na Jamus da Burley na Amurka suna yin na karnuka musamman, kuma aikinsu ya fi na mai walda sauƙin nauyi da kyan haɗi, amma wanda zai ɗauki tsayin karenka sai mafi girma a cikinsu, shi ne kuma mafi tsada, ko an naɗe shi nauyinsa ya haura kilo 10, ga girman kwali a jirgi, ga shi in ragarsa ko zif ɗinsa ya lalace a ƙurar nan sai dai tela ya yi dabara. In aljihunka zai ɗauka kuma awon ya dace, ba laifi. Amma ni abin da zan zaɓa maka shi ne tsakiya: abokinka ya taho maka da mahaɗi da hannun ja kawai, waɗanda ake sayarwa daban kuma za su shiga jakar kaya, sauran kuma a ƙera shi a Katako daidai jikin karenka. Ta haka ɓangaren da ya fi wuyar ƙerawa ya fito daga masana'anta, ɓangaren da ya shafi tsayin kare da zafin garinmu kuma an yi shi a gabanka.

Sai dai ka tsaya a kan mai waldar, domin hannunsu ya saba da amalanken jaki da kurar ruwa, inda kauri shi ne abin yabo. Ka gaya masa ƙarfe mai rami, siriri, kake so, wanda in an gama za ka iya ɗaga amalanken da hannu ɗaya, tunda kai ne za ka ja shi a hawan gada. Daɓe ya zama katako, kada ya sa falan ƙarfe, wanda rana za ta mai da shi abin gashi. Tayoyi su ɗan koma baya da tsakiyar ɗakin kaɗan, yadda ɗan nauyi zai sauka a kan mahaɗi, domin in nauyin ya rinjaya baya zai riƙa ɗaga tayar kekenka. Tsakanin taya da ɗaki a sa kariya don wutsiya ko ƙafa kada ta shiga wayoyi. Duk bakin walda a goge shi, ka bi da tafin hannunka ko'ina a ciki kafin ka biya. A sa ƙaramin zobe a ƙasa, a tsakiyar daɓe ko can gaba, inda za a ɗaure shi, a baya kuma a sa abin ƙyalli ja da doguwar sanda mai tuta, saboda direban faba-faba, motar hayar nan ta cikin gari, ba ya ganin abin da bai kai tsayin tayarsa ba.

Ranar da aka gama, kada karen ya zama fasinjan farko. Ka ɗora buhun shinkafa mai kilo 25 ka zagaya unguwa, ka gwada kwana, ka gwada birki, ka ji yadda nauyin yake turo ka daga baya in za ka tsaya. In birkin kekenka irin wanda sai an haɗa da jan ƙafa a ƙasa ne, a gyara shi tukuna. Masu ƙera irin wannan kaya sukan yi gargaɗi kada a wuce wajen kilomita 25 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, a kwana kuma a sauko kusan tafiyar ƙafa, kuma da tsohon kare a baya ba ka da dalilin kusantar wannan iyaka. Ka riƙa buɗe kwana, ka tuna bayanka ya fi kafaɗunka faɗi, domin taya ɗaya in ta hau dutse ko bakin kwalbati a guje, ita ke kifar da amalanke.

Shi kansa karen sai an bi shi a hankali, don Azawak kare ne mai tsantseni, in aka tsorata shi da abu sau ɗaya yakan daɗe bai yarda da shi ba. Ka ajiye amalanken a tsakar gida, ka tokare tayoyin da duwatsu don kada ya motsa, ka sa shimfiɗarsa ta kullum a ciki, ka riƙa ba shi abinci a bakin ƙofar, daga baya a can ciki, ƙofa a buɗe. In ya fara shiga yana kwanciya da kansa, sai ka rufe na ɗan lokaci, sannan ka ja shi da hannu a cikin gida, sannan ka tura keken a ƙasa wani yana tafiya a gefe yana yi masa magana. Kada ka tura shi ciki da ƙarfi ko da sau ɗaya. Ɗaurin kuma ya zama da ɗamarar da ke kama ƙirji da kafaɗu, igiyar gajera, wadda za ta bar shi ya zauna ya kwanta amma ba za ta kai shi waje ba. In ka ɗaure shi ta wuya, ranar da ya hango akuya ko zomo ya zabura, ko ka taka birki da ƙarfi, wuyansa ne zai ɗauki duka.

Game da hanya, gadar Kennedy tun 1970 take, layi biyu ne kawai, kuma da zarar gari ya waye ɗalibai da ma'aikata da masu kai kaya kasuwa sun cika ta, ba wurin da mai jan amalanke zai raɓe. Wannan ma wani dalili ne na fita da wuri, kuma a makonnin farko ka fara da hanyar bakin kogi ta Yantala ranar da ba cunkoso, har ku saba ku biyu. Karnukan unguwa za su bi ku da haushi, don haka raga ta kasance a rufe, kuma ka tabbatar allurarsa ta ciwon haukan kare ba ta wuce lokaci ba, tunda cutar tana nan a ƙasarmu. In kun kusa garka, inda ƙasa take da laushi, ka fito da shi ya taka sauran da ƙafarsa gwargwadon abin da likita ya yarda, domin gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take yi, da kun isa kuma ka duba tsakanin yatsunsa ka cire ƙarangiya.

Uwargida kuwa, hakkinta ne ta tambayi inda kuɗin gida yake tafiya, kuma bai kamata ka saye abin a ɓoye ta gan shi a ƙofa ba. Ka zauna da ita ka faɗa mata adadin da mai walda ya yanka da kuɗin mahaɗin, ka kuma nuna mata cewa ba a taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara ba. In ka sa an yi ɗakin yadda ake kwance shi da noti huɗu, ƙashin amalanken zai zama na gida gaba ɗaya: ranar da karen bai fita ba, shi zai kawo salati da kabeji daga garka, shi zai ɗauko tukunyar gas da buhun gero, kuɗin ɗan kabu-kabu ya huta. Sai dai a yanka wa kayan abinci nasu katakon daban, na karen kuma a jingine shi tare da katifarsa, kada a haɗa su.